Tokar fura, tokar siminti, fari ko ruwan madara: wane fenti ya dace da gidan Damagaram?

Shekara biyu ke nan, da muka tashi gyara gidan mahaifinmu saboda bikin ƙanwata, ni aka ɗora wa zaɓen fenti. Na ga hoton wani falo a waya, bangonsa ruwan toka, labule fari, komai a natse, na ce wannan za a yi mana. Mai fenti ya duba hoton, ya tsiyaya baƙin launi cikin farin fenti, ya juya, ya kama aiki. Da rana babu laifi. Da aka sha magariba aka kunna ƙwan wuta, sai bangon ya koma shuɗi-shuɗi, ɗakin ya yi wani irin sanyi marar daɗi, fuskokin mutane suka dushe. Innarmu ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, yaushe za a zo a yi fentin?" Ita a ganinta yaɓen siminti ne aka bari haka nan. Abin ya tsaya mini a rai, don kuɗin da aka kashe ba na wasa ba ne, kuma biki saura mako uku.

Daga wannan rana na shiga bin diddigin launin toka, na tambayi masu fenti, na sayi ƙananan gwangwanaye na gwada a jikin bango. Abin da na gano shi ne toka iri-iri ce, kuma wadda ke kyau a hoton gidan Turai sau da yawa ita ce wadda ke ba mutum kunya a nan. Ga wanda ke tsaye yanzu a kantin kayan gini yana wasi-wasi, zaɓi huɗu ne a gabansa: fari, ruwan madara, toka mai sirkin shuɗi, da toka mai sirkin ƙasa. Ni dai na karkata ga ta ƙarshen, amma ba a ko'ina ba, kuma ba a kowane hali ba.

Bari mu fara da gane su a ido, don a nan ake yawan yin kuskure. Toka mai sirkin shuɗi ita ce launin sabon kwanon rufi, ko launin hadari idan ya haɗo daga gabas, ko garin siminti a buhu. Masu sana'ar ƙawata gida suna ce mata toka mai sanyi. Ni zan riƙa kiranta tokar siminti. Ɗaya kuwa, wadda suke ce wa toka mai ɗumi, ba sai an je nesa ba: a dama furar gero da nono a ƙwarya a dube ta. Ba fari ba ce, ba ruwan ƙasa ba ce, toka ce mai ɗan ja baya zuwa ƙasa-ƙasa, launi mai laushi da ba ya yi wa ido tsawa. Launin bayan kurciya ma haka yake, da zaren tsamiya wanda ba a rina ba, irin wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Faransawa suna da kalma a kan wannan launi, grège, asalinta kuwa daga ɗanyen siliki ne. Wato abin da ake yayi yanzu a matsayin sabon salo, kakanninmu sun daɗe da sa shi a jiki. Zan kira ta tokar fura.

Yayin toka ya mamaye gidajen Turai da Amurka tun wajen 2010, har kamfanin Pantone ya zaɓi wata toka, Ultimate Gray, cikin launukan shekarar 2021. Da mutane suka gaji da ɗakuna masu kama da ofis, sai aka koma ga mai sirkin ƙasa. Sunaye biyu da za a yawan gani a intanet su ne Agreeable Gray na kamfanin Sherwin-Williams da Revere Pewter na Benjamin Moore. Na ambace su ne don a san abin da ake kallo a hoto kawai, ba don a je nema a kasuwar Dole ba. Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne lambobin RAL, tsarin launuka da aka kafa a Jamus a 1927, domin masu ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe da yawa sun san su. RAL 7035 toka ce mai haske mai sanyi, irin ta akwatunan lantarki. RAL 7044 ita ce ta fi kusa da tokar fura. RAL 7032 ma tana kusa, sai dai tana ɗan jan kore. RAL 9001 ruwan madara ne, RAL 9010 fari, RAL 7016 kuwa ita ce toka mai duhun nan kusan baƙa da ake yi wa manyan ƙofofin sababbin gidaje.

Alƙalin farko a garin nan ƙura ce. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Zinder ya san daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso hazo, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shigar da shi ɗaki ko da an rufe taga an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Wannan ƙura fara-fara ce mai laushi kamar gari. Ga kuma tamu ta gida, rairayi da jar ƙasa da babura ke tayarwa duk shekara. Idan suka haɗu suka kwanta a bango, launin da suke bayarwa tsakanin ruwan madara ne da ruwan ƙasa mai haske.

A kan farin bango wannan ƙura tana fitowa ɓaro-ɓaro. Wata biyu bayan fenti, a duba saman makunnin wuta, da gefen ƙofa inda hannu ke taɓawa, da ƙasan bango inda tsintsiya ke bugawa: duk sun yi ja. A kan tokar siminti abin ya fi muni ta wata fuska, domin shuɗi da ruwan ƙasa abokan gaba ne a ido, kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa, sai ƙurar ta zama kamar dauɗa ba kamar ƙura ba. A kan toka mai duhu kuwa, irin ta 7016, ƙurar fara take fitowa, yaro ya zo ya rubuta sunansa da yatsa. Na sha tsayawa ina kallon manyan ƙofofi masu wannan launi a sababbin unguwanni, an kashe musu kuɗi, amma sai an wanke su kullum kafin su yi kyan gani, a garin da kowa ya san darajar jarkar ruwa.

Ruwan madara da tokar fura su ne ke shanye ƙura, don launinsu ɗan gidansu ɗaya da ita. A wannan fage ruwan madara ba ya da na biyu, shi ya sa iyayenmu suka riƙe shi shekara da shekaru, ba don rashin sanin yayi ba. Inda tokar fura ta ɗara shi shi ne wajen sawun hannu da hayaƙi. Gidajenmu gidajen turaren wuta ne, ana kuma jingina da bango a zauna a tabarma, kai da man gashi yana taɓa shi. Irin wannan tabo baƙi-baƙi ne, ruwan madara yana nuna shi, tokar fura kuwa da yake tana da ɗan baƙi a jikinta sai ta rufa masa asiri. A falonmu, wurin da Baba ke jingina bayan la'asar, da can duk bayan wata shida sai an goge, yanzu sai mutum ya matsa kusa zai gane.

Alƙali na biyu haske ne, kuma a nan nake so a daɗe, don shi ne ya kayar da ni. Kowane fenti yana da adadin hasken da yake mayarwa, ana auna shi daga 0 zuwa 100, baƙi ƙirin a ƙasa, fari fat a sama. Farin fenti na gida yakan wuce 80. Agreeable Gray yana kan 60, Revere Pewter kusan 55, RAL 7044 kuwa yana ƙasa da 50. Ma'ana, duk lokacin da aka bar fari aka koma toka, an sayar da wani kaso na hasken ɗaki. A gidan da ke cikin hoto wannan ba komai ba ne, tagoginsa sun kai rabin bango. Mu kuwa da gangan muke ƙanƙanta taga saboda zafi, mu sa mata ƙarfe mai ganye-ganye, mu ƙara da labule mai kauri, ga rumfa a gaba, ga dogon yaro a tsakar gida. Ɗakin da yake da taga ɗaya ƙarama, in aka yi masa toka mai lamba 50, da tsakar rana ma sai an kunna wuta, ranar da aka ɗauke wuta kuwa sai lalube.

Saboda haka idan na ce tokar fura, mai haske nake nufi, wadda ta kai 60 ko ta haura zuwa 70, furar da aka sakar wa nono sosai. Wadda ta yi ƙasa da haka a bar ta ga bango ɗaya tak, ko ga babban falo mai tagogi biyu zuwa uku. Rufin ɗaki daga ciki kuwa fari za a bar shi ko da wane launi aka zaɓa, shi ne ke watsa haske ƙasa.

Akwai shawarar da ake yawan karantawa cewa ɗakin da ke kallon arewa haskensa sanyi ne, na kudu ɗumi. Wannan lissafin ƙasashen da ke can sama ne. Zinder tana tsakanin digiri 13 da 14 arewa da tsakiyar duniya, rana a kanmu take bi, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta arewacinmu take ratsawa da tsakar rana. Abin da ya shafe mu gabas ne da yamma. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yana shan jan hasken la'asar, ga shi hasken ya riga ya bugi jar ƙasar tsakar gida ko katangar maƙwabci kafin ya shigo. A irin wannan ɗaki ruwan madara yakan koma ruwan ɗorawa sosai, har ido ya ji ɗakin ya ƙara zafi. Tokar fura tana riƙe kanta, ta ɗan yi ɗumi amma ba ta rikiɗe ba. Tokar siminti kuwa, a gaskiya, wannan ne wuri ɗaya da take yin kyau, don jan hasken yana kashe mata shuɗin. Sai dai awa biyu ne a yini.

Da dare hukunci na hannun ƙwan wuta. A jikin kwalinsa akwai lamba da harafin K a gaba: 2700 ko 3000 haske ne mai ruwan ɗorawa, 4000 tsaka-tsaki, 6500 fari mai shuɗi. Galibin waɗanda muke saye a shagunan unguwa, da fitilun sola, na 6500 ne, mutanenmu sun fi son su don suna ganin sun fi haske kuma ba su tuna wa mutum zafi. To a ƙarƙashin wannan ƙwai tokar siminti take zama abin da Innarmu ta gani. Fari yana ƙara ƙyalli har ya ɗauki ido. Ruwan madara yana gyaruwa, ya koma kamar fari mai laushi, wannan ma wani dalili ne da ya sa ya karɓu a wajenmu. Tokar fura tana rasa ɗuminta ta koma toka zalla, ba muni, amma ba abin da aka biya kuɗi dominsa ba. Na gwada ƙwai uku a dare ɗaya a bango ɗaya, na kira ƙanwata na ce ta zaɓa ba tare da na gaya mata komai ba. Ta nuna na 4000 ta ce, "Yaya, wannan ne ya yi kama da hoton." Duk wanda zai yi tokar fura ya sa kuɗin canza ƙwai cikin lissafinsa, in kuwa ya san ba zai rabu da farin ƙwai ba, ya ƙara wa fentin sirkin ƙasa fiye da yadda ya so.

Waje kuma wata magana ce daban. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma launi mai duhu yana shan rana ya adana, bangon bulo ya riƙa sakin zafin cikin ɗaki har tsakar dare. Duk wanda ya taɓa ƙofar ƙarfe mai duhu da azahar ya san abin da nake faɗi. A bangon da ke kallon gabas ko yamma, fari da ruwan madara su ne masu tausayin mai gida, tokar fura mai haske tana biye da su, toka mai duhu kuwa zalunci ce ga wanda zai kwana a ɗakin. Ga damina: ruwanmu ba shi da yawa, amma da iska yake zuwa daga gabas, ya doki bango, ya fantsamo jar laka har kusan gwiwa. Farin bango kafin Satumba ya yi jan zane daga ƙasa. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi saman da launi mai haske, a ɗaure ƙasan, kamar kamu biyu, da ruwan ƙasa ko tokar fura mai ɗan duhu. Rana kuma tana cin launi, amma launukan da aka samo daga ƙasa, irin waɗanda ake haɗa tokar fura da su, suna cikin masu jurewa, ba kamar shuɗi da ja masu ƙyalli ba da kan koɗe cikin rani ɗaya ko biyu.

Ina da wani dalili da ba na lissafi ba. Idan mutum ya bi lungunan Birni, ya ga manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye, da katangun ƙasa, da zanen da magina suka fitar a fuskar zaure, da fadar Sarkin Damagaram, ko ya shiga Zango ya ga tsofaffin gidajen fatake, zai lura garin yana da launinsa. Duwatsun toka ne mai sirkin ja, ƙasar ja ce mai sirkin toka. Gida mai tokar siminti a tsakiyar wannan baƙo ne, kamar an ɗauko shi daga wani wuri an ajiye. Tokar fura kuwa tana zama cikinsu lafiya, gidan ya nuna na zamani ne amma bai yi wa maƙwabta girman kai ba. Wannan yana da muhimmanci a wajena, ko da wani zai ce son rai ne.

Sai kayan ɗaki, kuma mata su ne masu hukunci a nan. Ɗakin amaryarmu ba ya zama fayau kamar na hoto. Akwai gado da kabad masu ƙyalli, galibi ruwan ƙasa ko ruwan zinari, labule mai nauyi, darduma ja ko mai ruwan goro, jeren kwanuka, wani lokaci da tintimin fata na dukawanmu mai ja da kore. Fari yana karɓar duk wannan, amma yana sa kowane launi ya yi ihu. Ruwan madara yana haɗuwa da ruwan zinari su narke cikin juna, ɗakin ya zama launi ɗaya, kaya masu tsada su ɓace a jikin bango. Tokar siminti tana faɗa da katako da jar darduma, ita abokan tafiyarta baƙi ne da fari da gilashi da ƙarfe mai ƙyalli. Tokar fura tana ja da baya ta bar kayan su fito: jan ya zauna, zinarin ya yi daraja, faifai da tabarmar kaba da aka rataye su yi kyau kamar don su aka yi bangon. Fatar mutum ma ta fi haske a gabanta, abin da duk mai ɗaukar hoton biki zai tabbatar. A duba daɓen ƙasa kafin a yanke shawara. In an riga an shimfiɗa karo fari mai jijiyar shuɗi ko toka mai sanyi, tokar fura za ta yi kamar ta yi datti a kusa da shi, gara a bi karon da fari. In karon ruwan ƙasa ne ko mai kama da katako, an dace.

Inda tokar fura take da rauni shi ne wajen haɗawa. Fari da ruwan madara a shirye ake sayensu, ko na Kano ko wanda ya zo ta Yamai, in ya ƙare a koma a ƙaro. Tokar fura sau da yawa sai an haɗa da hannu, kuma yawancin masu fenti in aka ce toka, baƙi kawai suke zubawa cikin fari. Baƙi da fari kuwa shuɗi-shuɗi suke haifarwa, wannan ita ce cutar da ta kama falonmu. Wani dattijon mai fenti da aka haɗa ni da shi daga baya shi ya warware mini. Ya dubi bangon ya ce, "Malam, wanda ya yi maka wannan bai sa ƙasa a ciki ba." Ya sa aka sayo launi mai ruwan ƙasa mai duhu, wanda ake rubuta wa terre d'ombre a jikin kwalba, da ruwan ɗorawa na ƙasa, ocre jaune. Da na farkon ya fara, shi kaɗai ya kai farin kusan inda ake so. Sannan ya ɗiga baƙi kaɗan ƙwarai, ya gyara da ruwan ɗorawar. Ya ce in ya ja kore a ɗiga ja kamar ƙwayar gero, in ya ja hoda a ƙara ruwan ɗorawa.

Na ce masa, "Baba, da ido kake aunawa?" Ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai duk da haka murfin kwalba yake ƙirgawa, ya kuma sa ni rubuta adadin a takarda. Sharaɗinsa ɗaya: a haɗa na ɗakin gaba ɗaya a babban mazubi lokaci guda, don ba a taɓa haɗa toka sau biyu ta fito iri ɗaya. Lissafin ba wuya. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne, a cire ƙofa da taga ya rage kamar 43. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe wajen murabba'in mita 10 a bango mai santsi, shafa biyu ke nan lita 9, a ƙara ɗaya ko biyu a ajiye a jarka mai murfi saboda gyaran gaba. Bango mai kaushi ko sabon yaɓe ya fi haka sha. Fenti mai araha da ake tsinkawa da ruwa da yawa kuwa, a fari yana iya wucewa, a toka sai ya fito dabbare-dabbare. Araha ba ta ado.

Kafin a haɗa mai yawa, a shafa gwaji mai faɗin tabarmar salla a bango biyu, wanda ke kallon taga da wanda tagar ke jikinsa, a bar shi ya bushe, a dube shi da hantsi, da la'asar, da bayan isha'i. Launin da ke cikin bokiti ba shi ne na bango ba, na waya kuwa kowace waya da irin nata.

Nau'in fentin ma yana canza hukunci. Fentin ruwa marar ƙyalli shi ne ke ba tokar fura laushin nan da ake so, amma ba ya son goga. Mai ɗan sheƙi kaɗan ya fi dacewa da gidan yara, ana share shi da jiƙaƙƙen tsumma. Fentin mai, mai ƙyalli sosai, yana kashe launin, bangon ya koma kamar jikin mota, yana tona duk wani tudu da kwari na yaɓe, kuma a ɗaki mai duhu yakan ja ruwan ɗorawa da daɗewa. A bar shi ga ƙofofi da tagogi da madafa. Sabon yaɓen siminti a ba shi aƙalla mako huɗu ya bushe, in ba haka ba gishirinsa zai fito fari-fari, kuma a kan toka ya fi nunawa fiye da a kan fari.

Masu ginin ƙasa, a Birni ko a ƙauye, ina roƙonsu kada su rufe bangonsu da fentin mai don neman wannan launi. Bangon ƙasa yana numfashi, in aka toshe shi danshi ya taru a ciki, fentin ya kumbura, ƙasar ta riƙa zubowa. Farar ƙasa ita ce tasu, kuma tana karɓar launukan ƙasa lafiya lau. A zuba mata ɗan ruwan ƙasa mai duhu, a tuna tana yin haske sosai idan ta bushe, za a samu tokar fura mai gajimare-gajimare wadda ni a idona ta fi ta gwangwani kyau, ga sauƙin kuɗi. Aibinta tana gogewa a jikin riga, kuma tana son sabuntawa duk shekara ko biyu.

Wanda ɗakinsa ƙarami ne mai taga ɗaya, ko gidan haya ne da za a riƙa gyarawa duk fitar ɗan haya, ko ba shi da mai fentin da ya amince da hannunsa, ya yi ruwan madara hankalinsa kwance, ba abin kunya ba ne. Fari na rufin ɗaki ne da banɗaki da shagon magani, da kuma gidan da ke da mai goge bango. Tokar siminti ban ga inda zan ba ɗan'uwana shawararta a ɗakin kwana ko falo ba, sai ofis ko shagon waya mai gilashi da farin haske, inda dama sanyin ake nema. Falo, ɗakin amarya, zauren baƙi da baranda mai inuwa, waɗannan na tokar fura ne, mai haske, da farin rufi, da ƙwai na 4000 ko 3000.

Namu falon an sake shi kwana tara kafin ɗaurin aure. Shafa biyu ya ci kafin shuɗin ya mutu, tagogi muka yi musu ruwan ƙasa mai duhu, muka canza ƙwai huɗu. Innarmu ta shigo da safe, ta shafa bangon da tafin hannunta, ta ce, "To, yanzu ɗaki ya yi ɗaki." Takardar da dattijon ya sa na rubuta tana nan cikin kabad tare da jarkar ragowar, bana da damina ta yi yoyo ta kusurwar gabas da ita muka gyara wurin, kuma sai an nuna wa mutum kafin ya gane inda aka taɓa.